Yadda Ake Zana Lungunan Cikin Birnin Kano da Kalar Ruwa

Lungunan cikin birnin Kano, irin waɗanda ake samu a Madabo da Alfindiki da Koki da Dandago, suna daga cikin abubuwan da suka fi karɓar zane da kalar ruwa, domin abin da ido ke gani a cikinsu bai cika wuce bangon ƙasa da hasken rana da inuwar da wannan bango ya jefa a kan wancan ba. Mai koyo yakan shiga lungu da niyyar kwashe duk abin da ya gani, tun daga tsagar bango har wayar lantarki, sai ya tashi da takarda mai cunkoso wadda ta rasa natsuwar da ta ja hankalinsa zuwa wurin tun farko. Abin da ke sa mai kallon zane ya ji shirun lungu shi ne babbar inuwa guda ɗaya da aka shimfiɗa da kyau, da ɗan filin haske da aka bari ba a dame shi ba. Saboda haka duk shirin da za a yi, tun daga sayen takarda, a kan waɗannan biyun ya kamata a ɗora shi.

Kalar ruwa garin launi ce da aka kwaɓa da ƙaro, wato ƙaron nan da masu dafa tawada ke zubawa don rubutu ya kama allo ya yi sheƙi. Ana sayar da ita a bushe cikin 'yan ƙananan gurabe, ko kuma da danshinta a cikin ƙananan bututu da ake matsawa, kuma a shagunan littattafai da kayan rubutu ake nemanta, ba wurin masu fentin gida ba. Halinta shi ne ba ta rufe abin da ke ƙarƙashinta, farin takarda yana ratso ta ya ba ta haske. Wannan ne ya sa ba a dogara da farin fenti a wannan aiki: duk inda ake son haske sai a bar takarda yadda take, ko a shafa mata launi tsararo, sannan a riƙa tafiya daga mai haske zuwa mai duhu. Wurin da aka riga aka duhunta ba ya komawa fari sarai ko da an wanke shi.

Idan kuɗi ba su isa a sayi komai mai kyau ba, a zuba su a takarda. Takardar kwafi da kwalin makaranta ba sa jure ruwa, suna kumbura su yi tudu da kwari, launi ya taru a kwarin ya bushe da tabo. Abin da ake nema shi ne takardar kalar ruwa mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, wadda fuskarta take da ɗan kaushi matsakaici, domin wannan kaushin shi zai taimaka wajen fito da jikin bangon ƙasa daga baya. Wadda aka yi da auduga zalla, irin ta Arches, ta fi riƙe danshi kuma ta fi tsada. Ta kamfanin Canson mai sauƙin kuɗi ta wadatar ga mai koyo. Girman A4 ya isa ga aikin da za a yi a zaune a waje. A manna gefunanta huɗu a kan ɗan allon katako da salatif na takarda kafin a fita daga gida.

Launi uku sun isa a zana mafi yawan lungunan birni. Da yake sunayen da kamfanoni ke ba launukansu suna sha bamban, ya fi aminci a duba lambar garin launin da ake bugawa a jikin bututun. Na farko shi ne rawayar ƙasa, mai lamba PY43 ko PY42. Na biyu shi ne ruwan ƙasa mai jaja-jaja, wanda ya yi kusa da ruwan makuba, mai lamba PBr7 ko PR101. Na uku shi ne shuɗi mai zurfi, mai lamba PB29. Biyun farko daga sinadarin ƙarfe suke samun launinsu, wanda kuma shi ne ya rina jar ƙasar da aka gina birnin da ita, don haka ba a shan wahala wajen daidaita su da bango. Shuɗin kuwa idan aka gauraya shi da na biyun yana ba da toka-toka da duhu iri-iri, har ya kai kusa da baƙi, kuma yana da halin kwanciya a ramukan takarda ya bar ɗigo-ɗigo mai kama da yashi. Baƙin da ke zuwa cikin akwatin kala gara a bar shi a gida, domin yana kashe inuwa ya mayar da ita kamar rami. Sai buroshi zagayayye mai tsini lamba 10 ko 12, da ƙarami lamba 4, da fensir HB, da farin farantin tangaran na haɗa launi, da tsumma, da gwangwani biyu na ruwa, ɗaya na wanke buroshi ɗaya na haɗi, da 'yar kwalbar feshi.

Zaɓen lungu yana bukatar yawo da ƙafa kafin ranar aiki. Tsofaffin unguwannin da ke kewaye da Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, mai mulki daga 1463 zuwa 1499, da waɗanda ke gindin Dutsen Dala, su ne suka fi riƙe tsohon tsari na hanya mai lanƙwasa, ko da yake bulo da siminti sun maye gurbin tubali a gidaje masu yawa. Wanda bai saba kallon ginin gargajiya da idon basira ba zai amfana idan ya fara da Gidan Makama, inda zai ga zanko da azara da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufin soro, a kusa, ya kuma zana su ba tare da tsare wa kowa hanya ba. A cikin unguwa kuwa, lungun da ya fi ba da zane mai kyau shi ne wanda ya karya kwana a can gaba har ƙarshensa ya ɓuya, domin idon mai kallo yana bin hanyar yana son sanin abin da ke bayan kwanar. Lungun da ya miƙe sambal ya ɓulle titi yana zubar da wannan sha'awa. A nemi kuma abu guda da zai zama wurin tsayawar ido, ko ƙofar zaure mai duhu, ko indararo da ya leƙo daga soro, ko kan dabino da ya ɗago ta bayan katanga.

Batun lokaci ya fi na wuri muhimmanci. Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana ɗan karkata arewa idan ta take tsaka, sauran watanni kuma tana karkata kudu, kuma a Disamba karkatar ta fi yawa. Amfanin sanin wannan shi ne, a lokacin sanyi, lungun da ya miƙa daga gabas zuwa yamma yana wuni da inuwar bangon kudu a kwance a ƙasa, bangon arewa kuma yana shan rana, tsarin da ba ya saurin sauyawa, kuma shi ya fi yi wa mai koyo sauƙi. Lungun da ya miƙa daga kudu zuwa arewa kuwa da safe bangon yamma ne ke samun haske, da la'asar kuma na gabas, kuma inuwarsa tana gudu, tun da rana tana cin digiri 15 a kowace sa'a. Da hantsi, tsakanin ƙarfe takwas da goma, yara sun tafi makaranta, magidanta sun fita kasuwa, inuwa kuma tana da tsawo; wannan shi ne lokacin da ya fi. Tsakanin azahar da la'asar ma unguwa takan yi tsit, amma a farkonsa rana tana bisa, inuwa ta tsuke a gindin bango, zafi kuma ba ya barin mutum ya natsu. Safiyar watan azumi ba ta da na biyu wajen shiru.

Lungu ƙofar gidan mutane ne, kuma baƙon da ya zauna yana ɗaga kai yana duban katanga yana rubutu a takarda dole a yi masa tambaya. Ya kamata a fara zuwa wurin mai unguwa, ko aƙalla dattawan da ke zaune a dakali, a yi sallama a gaisa sosai, sannan a ce, “Baba, ni mai koyon zane ne, ina neman izini in zauna a nan in zana wannan bango.” Nuna musu wani zane da aka riga aka yi yana kawar da zato fiye da dogon bayani. Kada a zauna ana fuskantar zauren da ke buɗe har ana hango cikin gida, kada kuma a ɗaga waya a ɗauki hoto alhali mata suna wucewa. Yara za su taru, wannan babu makawa. Abin da ya fi shi ne a roƙi babba a cikinsu ya tsayar da su ta baya, don kada su tare gaba ko su zubar da ruwa.

Kafin a taɓa takardar kirki, a yi ɗan zane da fensir wanda bai fi tafin hannu ba a wata takarda dabam, a raba abin da ake gani gida uku kawai: mai haske, da matsakaici, da mai duhu. Runtse ido kaɗan yana ɓatar da ƙananan abubuwa ya bar manyan siffofi. Idan wannan ɗan zane bai yi kyau ba, babban ma ba zai yi ba, gara a matsa da kujera ko a sake lungu. Idan ya yi, sai a koma babbar takarda a fara da layin ido, wato a lura da inda tsayin idon mai zane ya faɗa a jikin bango, a ja shi a kwance da fensir a hankali. Duk layin da ke sama da shi, kamar kan katanga da bakin rufi, yana gangarowa ƙasa yayin da yake nisa, duk wanda ke ƙasa da shi kuma, kamar gindin bango da bakin kwata, yana hawa sama, har su nufi wuri guda. Da yake lungu yana lanƙwasa, kowane gaɓa nasa yana da nasa wurin haɗuwar, kuma ba daidai ba ne a tilasta musu su haɗu a ɗigo ɗaya. Don auna girma, a miƙe hannu da fensir a ɗauki tsayin ƙofar zaure, a gwada sau nawa ya shiga tsayin bango da faɗin hanya. Mafi yawan masu koyo suna faɗaɗa ƙasan lungu fiye da yadda yake, su mayar da shi titi.

A nan ne kuma ake gane wanda ya kalli ginin ƙasa da gaske. Bangon tubali yana da kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama, don haka yana ɗan jingina baya, kusurwoyinsa kuma ruwan sama da yaɓen shekara da shekaru sun dulmuye kaifinsu. Wanda ya sa rula ya ja shi a miƙe ya zana ginin bulo ne ya shafa masa launin ƙasa. A bar hannu ya bi layin yadda yake, da ɗan tudunsa da ɗan kwarinsa, a kuma ware wa bangon siminti da ke kusa da shi layinsa mai kaifi, domin bambancin da ke tsakaninsu yana cikin labarin lungun. Da zarar an gama siffar gine-gine, a dubi gefen inuwa a zana shi da fensir nan take, a ƙasa da jikin bango, sannan a riƙe wannan layin har ƙarshen aiki ko da rana ta matsa. Bin inuwa duk inda ta koma shi ne ke haifar da zanen da ba a san daga ina haskensa ya fito ba.

Shafin farko tsararo ne, kamar ruwan shayin da ba a sa wa madara ba. A jingina allon ya ɗan karkata, a fara daga sama. A lokacin hunturu sararin Kano ba shuɗi ba ne, hazo yana mayar da shi fari-fari mai ɗan rawaya, don haka ruwa mai ɗigon rawayar ƙasa ya ishe shi. Shuɗin sama na damina ne, bayan an ɗauke ruwa. Daga nan a gangaro kan bango da ƙasa da rawayar ƙasa, ana ɗiga mata ruwan makuba nan da can tun tana da danshi don su narke cikin juna, a shafe har wuraren da inuwa za ta hau daga baya. Abin da za a tsallake kawai shi ne wuraren da suka fi ko'ina haske, kamar kwanon rufi da rana ta daka, ko bangon da aka shafa wa farar ƙasa. Bango mai nisa a rage masa ja a ƙara masa ruwa, musamman idan akwai ƙura a iska. Sai a ajiye buroshi har takarda ta bushe sarai. Ana gane haka idan aka ɗora bayan yatsa aka ji babu sanyi.

Shimfiɗa inuwa shi ne zuciyar aikin, kuma ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintuna, don haka shirinsa ya fi yinsa tsawo. A haɗa shuɗi da ruwan makuba a faranti, a haɗa da yawa fiye da yadda ake zaton za a bukata, domin idan haɗin ya ƙare a tsakiyar bango ba za a iya sake irinsa kafin gefen ya bushe ba. A gwada shi a guntun takarda, a tuna cewa kalar ruwa tana yin haske bayan ta bushe, saboda haka ya kamata ya ɗan fi abin da ake so duhu. A cika babban buroshi, a fara daga saman bangon da ke cikin inuwa, a riƙa jawo ruwan da ya taru a bakin shafin zuwa ƙasa, a zarce da shi kan hanya ba tare da tsayawa a gindin bango ba, har ya hau ɗaya bangon idan inuwar ta kai can. Inuwar bango da ta ƙasa su zama jiki ɗaya. Launinta kuwa ba iri ɗaya ba ne daga sama har ƙasa: bangon da ke cikin inuwa yana karɓar hasken da bangon da ke fuskantarsa ya maido masa, don haka yana da ɗumi, sai a rinjayar da ja a wurin, inuwar da ke kwance a ƙasa kuma sama take kallo, sai a rinjayar da shuɗi. Wannan jan haske da ke yawo cikin inuwa shi ne abin da hoton waya ya fi kasa kamawa, kuma shi ne dalilin da ya sa zama a cikin lungun ya fi kwafa daga hoto. Idan an wuce wuri, kada a koma masa da buroshi yana tsakiyar bushewa, ko da an ga aibi. Gyara a wannan lokaci yana barin tabo mai kama da fure wanda ya fi aibin muni.

Yanayin Kano yana da hannu a wannan mataki. Daga Disamba zuwa Maris iska tana bushewa ƙwarai, shafi yana iya ƙafewa kafin buroshi ya dawo daga faranti. Maganinsa shi ne a zauna a inuwa, a rage girman takarda, a kuma fesa ruwa kaɗan a faranti lokaci zuwa lokaci. Ɗigo ɗaya na zuma a cikin ruwan haɗi yana jinkirta bushewa, amma idan ya yi yawa zanen zai yi danƙo ya kama ƙura ya kuma kira ƙudaje. A watan Agusta matsalar takan juye, takarda ta ƙi bushewa, sai a tafi da allo biyu ana aiki a ɗaya ana jiran ɗaya.

Bayan inuwa ta bushe sai a shiga jikin bango, kuma a nan ake bukatar kame hannu. A ɗebi launi mai kauri da buroshi, a goge yawancin ruwansa a tsumma, a ja shi a kwance da sauri a kan takarda don ya taɓa tudun kaushinta kawai. Wannan yana ba da kamannin yaɓe da makuba fiye da duk wani ɗige-ɗige da za a yi da tsinin buroshi. A yi shi a bango mafi kusa kaɗai, a bar na nesa sumul. Ƙarƙashin indararo akwai zirin duhu da ruwan damina ya bari, gindin bango kuma yakan zaizaye ya yi duhu saboda danshi, wani lokaci har tubali ya bayyana. Waɗannan alamu biyu ko uku sun isa su nuna shekarun gini. Idan akwai zanen dagi ko wani adon magina a fuskar zaure, ba a bin kowane layinsa, ana sa siririyar inuwa ne a gefen da ba ya kallon rana, sauran kuma ido zai cika. Duhu mafi ƙarfi, wato shuɗi da ruwan makuba da ruwa kaɗan, a adana shi don cikin ƙofar zaure da ƙarƙashin kan azara, a kuma sa shi kusa da wuri mafi haske, domin nan ne idon mai kallo zai fara sauka.

Game da abubuwan zamani, ra'ayina shi ne kada a share su gaba ɗaya don a ƙirƙiro wani birni da babu shi. Ƙofar ƙarfe mai koren fenti, da langa-langa mai tsatsa, da waya ɗaya da ta ratsa sama, duk suna cikin Kanon yau, kuma koren ƙofar nan sau da yawa shi ne ke farfaɗo da zanen da ja ya yi wa yawa. Abin da ake yi shi ne zaɓe: waya ɗaya a madadin goma, a ja ta da ƙaramin buroshi a numfashi guda, ledojin kwata kuma a bar su inda suke. Masu zane da dama a nan suna kauce wa zana mai rai saboda abin da suka ji daga malamai, kuma lungu ya ɗauke musu wannan nauyi, domin takalma a bakin zaure, da buta a kan dakali, da alluna jingine da bango, da keke a inuwa, sun isa su shaida cewa akwai mutane a gidajen.

Idan aka ga hannu ya fara ƙara abin da ba a tsara ba a ɗan zanen fensir na farko, lokacin tashi ya yi. A bari takarda ta bushe kafin a ɓare salatif, a ja shi a hankali zuwa waje don kada ya yage fuskarta. A rubuta sunan unguwa da kwanan wata da sa'a a bayanta da fensir, domin gidan ƙasar da aka zana bana yana iya zama bene na bulo baɗi. Kalar ruwa ba ta son danshi da ƙura da rana kai tsaye, kuma gara da kyankyaso suna cin takarda, saboda haka a ajiye zanen a kwance tsakanin fararen takardu a cikin akwati mai murfi, nesa da ƙasa. Wanda za a rataye a sa shi a firam mai gilashi, a sa kwali mai taga tsakaninsa da gilashin don kada su manne, a kuma zaɓi bangon da rana ba ta dukansa.